A KAN MALAMINMU DA YA YI RITAYA, DA MASU CEWA KADA A BA SHI KO SISI

Rubutun nan yana da tsawo, wanda ba shi da data ko haƙuri ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba. Amma in kana cikin waɗanda suka yi magana a guruf ɗin ajinmu shekaranjiya da daddare, don Allah ka karanta har ƙarshe kafin ka zage ni.

Ga wanda bai san zancen ba: malamin nan da ya shafe shekaru yana fitar da mu fili da sassafe ya cika shekara 65. Takardar ritayarsa ta fito, ƙarshen watan nan zai miƙa makullin sito ya koma gida. Ba zan kama sunansa ba, ban nemi izininsa ba, kuma duk wanda ya yi karatu a nan Mubi ya san wanda nake nufi. Ɗalibai ne suka laƙaba masa "Malamin yoga", tun ana faɗa a bayan idonsa har ya zama ana faɗa a gabansa yana dariya. Wasu tsofaffin ɗalibansa suka ce a yi karo-karo, naira dubu bibbiyu, a shirya masa 'yar walima a saya masa abin da zai riƙa tunawa da mu. Abu yana tafiya lafiya lau, sai wani ɗan uwa ya rubuta cewa shi ba zai saka ko sisinsa ba a karrama mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa 'ya'yan Musulmi ibadar Indiyawa. Nan take wasu suka bi da "gaskiya ne", wasu "Allah ya shirye shi". Wani ya turo bidiyon wasu Turawa sun zauna gaban gunki suna gunji. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya, mutum huɗu da suka riga suka biya sun ce a mayar musu da kuɗinsu.

An mayar musu. Kuɗinsu ne, ba wanda ya isa ya tilasta su. Ba kuɗin ne ya dame ni ba. Abin da ya hana ni barci shi ne yadda aka jefi dattijon da ya haife mu da shirka cikin layi biyu, kuma a cikin masu tafa wa maganar, wallahi ban ga mutum ɗaya da na taɓa gani a filin nan ba. Ko ɗaya.

To ni na je. Shekara huɗu ina zuwa lokacin digirin farko, da na dawo mastas kuma na ci gaba. Bari in faɗa muku abin da ake yi, tunda ba ku tambaya ba.

Ana haɗuwa bayan sallar Asuba, kuma in ka zo ya fahimci ba ka yi salla ba, zai kore ka ka je ka yi tukuna. 'Yan uwanmu Kirista su ma suna zuwa, kowa da tabarmarsa. Ana fara ɗan zagaye fili, sai miƙa: wuya, kafaɗa, gadon baya, ƙugu, bayan cinya. Sai a riƙe wasu tsayuwa na rabin minti, waɗanda za ka raina har sai ka ji ƙafarka tana rawa. A ƙarshe a zauna a yi numfashi, ka ja iska kana ƙirga huɗu, ka sake ta a hankali kana ƙirga shida ko takwas. Minti arba'in, kowa ya tafi ya yi wanka ya kama lakca. Mata ranarsu daban, a rufaffen ɗaki, wata babbar ɗaliba da ya koya wa ce ke ja musu, shi ba ya shiga. Ba a rera komai, ba a haɗa tafin hannu a rusuna wa kowa, ba a fuskantar rana. Akwai wani jerin motsi da ake yi a yoga wanda sunansa ma gaida rana yake nufi. Wani yaro ya taɓa kwaso shi daga YouTube ya zo yana nuna mana, Malam ya ce masa ya tattara ya mayar inda ya samo.

Kuma bai taɓa ɓoye inda abin ya fito ba. Ya sha ba mu labarin cewa wani malami Ba'indiye ne ya koya masa lokacin yana kwalejin horon malamai, zamanin da makarantun Arewa ke cike da malamai 'yan Indiya da Pakistan masu koyar da lissafi da kimiyya. Ku tambayi iyayenku, da wuya a rasa wanda ɗaya daga cikinsu bai koyar ba. Ya ɗauki abin da ke gyara jiki ya bar musu addininsu, kamar yadda iyayenmu suka ɗauki aljabara a hannunsu ba su ɗauki gumakansu ba.

Yanzu kada wani ya ce ina wasa da aƙida. Masu shakka suna da hujjarsu, kuma zan faɗe ta fiye da yadda suka faɗe ta a guruf. Yoga a asalinta hanya ce ta addini da falsafa a Indiya, tsohon littafinta na Patanjali magana yake a kan tsarkake rai da kuɓuta, ba rage tumbi ba. Har yau akwai masu yin ta a matsayin ibada, da kalmomin da ake maimaitawa da sunayen alloli. Wanda ya ga wannan ya ce a'a, ya yi daidai, ni ma a'a zan ce. A Nuwamba 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmin ƙasar yin yoga saboda irin waɗannan abubuwa. Amma bayan wata biyu, a Janairu 2009, majalisar malaman Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a lokacin, ta zauna ta rarrabe: wadda ta haɗa da ibada da karance-karancen Hindu haramun ce, wadda kuwa motsa jiki ne zalla ba laifi. A 2017 Saudiyya ta sanya yoga cikin wasannin da ake ba da lasisin koyarwa. Kuma tun ƙarni na 11, Al-Biruni, malamin Musulunci da ya zauna ya koyi yaren Sanskirit, ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci don a san abin da ke ciki kafin a yi hukunci. Shi ya ɗauki shekaru yana koyon yaren mutane. Mu kuwa minti goma a ƙasa daga hostel zuwa fili ya gagare mu.

Ni ba malamin addini ba ne, ban zo ba da fatawa ba. Abin da nake cewa, manyan malamai sun tsaya sun bambanta abu da abu, sun saɓa wa juna da ilimi. Kai kuma da kariyoba biyu a wuyanka ka yanke hukunci a kan imanin mutum da bidiyon daƙiƙa talatin na wasu mutane a wata ƙasa. In da gaske kishin addini ne, hanya a buɗe take shekara da shekaru: ka je ka gani, ka same shi ka yi masa magana a keɓe, ko ka kai wa malamin da ka yarda da shi bayanin abin yadda yake. Ba ka yi ko ɗaya ba. Sai da mutum ya ɗaure kayansa zai tafi ka tuna kana da nasiha, kuma ka yi ta a inda ba ya nan.

Wani abin ma da ba kowa ya sani ba: yawancin tsayuwar nan da lanƙwashe-lanƙwashen da duniya ke kira yoga yau ba su tsufa kamar yadda ake zato ba. A shekarun 1930 wani malami, Krishnamacharya, ya tsara su a fadar Mysore, kuma wani mai bincike, Mark Singleton, ya nuna a littafinsa na 2010 cewa atisayen Turawa na wancan zamani ya shiga cikinsu sosai. Wato rabin abin da Malam ke sa mu yi, ɗan uwan abin da sajan ke sa 'yan bautar ƙasa ne a sansani, sai dai babu ihu.

Kuma in asalin abu ne ke haramta shi har abada, to mu yi adalci mu bi layi. Gasar Olamfik don girmama gunkin Girkawa Zeus aka fara ta, har gobe a kangon ɗakin bautar Hera ake kunna wutarta, ban ji wanda ya ce a kashe talabijin ba. Damben gargajiyarmu fa, da layu da guraye da abin da ake binnewa a fage? Wanda ya turo bidiyon nan, na san ɗakinsa. Fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa ba ya yankewa a laftof ɗinsa, jaruma tana kaɗa ƙararrawa gaban gunki da hawaye shaɓe-shaɓe, shi yana cin indomi yana tausaya mata. Wannan bai taɓa masa aƙida ba. Miƙa gadon baya ne zai fitar da shi daga Musulunci.

Bari in zo inda abin ya fi yi mini ciwo.

Mu 'yan Mubi ne, ko haihuwa ko karatu. Daren 1 ga Oktoba 2012 aka shiga Wuro Patuji ana kiran ɗalibai da sunayensu ana kashewa. Ranar 29 ga Oktoba 2014 garin ya faɗa hannun Boko Haram, suka sauya masa suna zuwa Madinatul Islam. Ina aji ɗaya lokacin, shekarata 17. Da silifas na fita. Wasu suka bi ta Sahuda suka tsallaka Kamaru, mu muka yanki daji muna neman hanyar Yola, muna kwana a gonakin mutane. Ban taɓa rubuta abin da na gani a hanyar nan ba kuma yau ma ba zan rubuta ba. An ƙwato garin a watan Nuwamba, bayan watanni muka dawo karatu. An share azuzuwa, an liƙa jadawalin jarrabawa, aka ci gaba kamar hutun ƙarshen samista muka je. Ba wanda ya tambaye mu ko muna barci.

Ni ba na yi. Tayar keke napep ta fashe a bakin get, sai in ga kaina a ƙarƙashin benci. In aka buga ƙofa da ƙarfi zuciyata ta yi awa ɗaya tana duka. Ina salla, ina addu'a, mahaifiyata tana aiko mini da rubutu, kuma na san duk sun taimake ni, amma da na kwanta sai jikina ya ƙi yarda cewa gudun ya ƙare. Abokin ɗakina ya samo tasa hanyar, taramadol da kwalbar kodin. Bai gama digiri ba. Yana nan da rai, Allah ya ba shi lafiya, iya abin da zan ce ke nan.

Malam ne ya tsare ni wata rana a hanyar laburare, ya dubi idona ya ce, "Ɗana, yaushe rabonka da barci?" Na ce lafiya lau nake. Ya ce to, gobe bayan Asuba ka zo fili ka taya ni ɗaukar tabarmi. Haka ya yi wa da yawa daga cikinmu, bai taɓa cewa kana da matsala ba, sai ya ce ka zo ka taya shi aiki. Ya bayyana mana cewa in mutum ya firgita numfashinsa yana gajarta, zuciya ta ƙara gudu, in kuwa ya tsawaita fitar da iska bugun zuciya yana sauka, kuma wannan halittar jiki ce da ke cikin kowane littafin koyon aikin jinya. Ba zan yi muku ƙarya in ce na warke a mako ɗaya ba. Ya ɗauki watanni. Shi ma bai taɓa kiran abin magani ba. Wanda ya ga lamarinsa ya wuce nan, da kansa yake raka shi asibiti, na san mutum biyu da ya matsa wa iyayensu sai da aka kai su asibitin ƙwaƙwalwa na Maiduguri. Washegarin 21 ga Nuwamba 2017, bayan bam ya tashi a masallacin Unguwar Shuwa ana sallar Asuba ya kashe mutum aƙalla 50, kowa tsoron fita yake da duhu-duhu. Mu biyar muka je fili. Mun same shi a zaune yana jiranmu.

Saboda haka in na ga ɗalibin Mubi yana wasa da kalmar shirka a kan Musulmi mai salla, jikina sanyi yake yi. Ban ce ku 'yan Boko Haram ba ne, kada wani ya yanke rubutuna ya yaɗa. Na san ku, tare muke cin abinci, wasunku sun fi ni riƙon addini nesa ba kusa ba. Amma mu da muka yi gudun nan mun san cewa ba da bindiga abin ya fara ba. Da baki ya fara, da saurin fitar da mutane daga addini, da raina duk wanda ya yi karatun da ba ka yi ba. Mutanen wani gari suna iya cewa ba su san inda wannan hanya ke kaiwa ba. Mu ba mu da wannan uzurin.

Akwai kuma kashi na biyu na masu laifi, kuma ina cikinsu ta wani ɓangaren: mu 'yan boko masu ji da kai. Waɗannan ba su ce shirka ba, cewa suka yi "malamin tsalle-tsalle ne za a yi wa walima?" A idonmu malami shi ne mai tulin takardu a mujallu, mai iya riƙe maka furojet shekara biyu. Tsarin ma haka ya ɗauke shi. Tun dokar 2012 farfesa yana kaiwa shekara 70 a jami'a, wanda bai kai wannan kujera ba ya tafi a 65. Ba a ƙirga yawan yaran da ka hana shan ƙwaya a fom ɗin ƙarin girma. A kusan kowace makarantar gaba da sakandare a ƙasar nan akwai kuɗin wasanni a rasit ɗin rajista, muna biya duk shekara, ba ma tambaya, sai lokacin NUGA a tara 'yan ƙwallo a saya musu riga. Sauran dubban ɗalibai kuwa jikinsu matsalarsu ce.

Ku dube mu 'yan mastas. Ba wanda ya kai 35 a ajinmu sai mutum uku, amma kowa da ciwon baya, kowa da olsa, biyu suna shan maganin hawan jini. Awa shida a kan benci, a hau keke napep zuwa gida, a kwana kan laftof da lemon ƙara kuzari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Tsakaninka da Allah, ka yi 15 a makon jiya? Binciken da aka yi da UNODC a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda, a shekarar ce ma gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC. Sai a Janairu 2023 ƙasar nan ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, kafin nan da dokar mahaukata ta 1958 ake aiki. A cikin wannan hali mutum ɗaya ya ɗauki tabarmi yana yin abin da ba a biya shi ya yi ba, don fitar asuba ba ta cikin aikinsa, kwas ɗinsa na aji daban yake. Sakayyarmu ita ce mu yi masa gulma a guruf.

Kuma addinin da muke fakewa da shi bai raina jiki ba. Duk ɗan Islamiyya ya san Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ya yi kokawa da Rukana. Iyayenmu da suka yi noma da kiwo a gindin duwatsun nan ba su bukaci wani ya koya musu miƙa ba, aikinsu ya isar musu. Mu ne muka bar gona muka zauna kan kujera, ba mu maye gurbin da komai ba.

Wata 'yar uwa ta yi tambaya mai ma'ana a guruf ɗin, kuma ba a kula ta ba saboda hayaniya. Ta ce, to in yaro ya fara da na Malam, ya ji daɗi, ya shiga intanet neman ƙari, ya faɗa hannun masu gunji fa? Wannan tsoro ne na gaskiya. Amsata ita ce, yaran suna intanet ɗin tun tuni, da Malam ko ba Malam. Bambancin shi ne da akwai dattijon da ya san abin, ya san addininsa, zai ce ɗauki wannan, bar wancan. Daga ƙarshen watan nan babu shi. Wanda baya ya dame shi zai buɗe waya ne, kuma wayar ba za ta tambaye shi ko ya yi sallar Asuba ba.

Ban sani ba ko labarin guruf ɗin ya kai masa. Ina roƙon duk wanda ya ɗauki hoton maganganun kada ya tura masa. Jiya na je na taya shi kwashe littattafansa, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Abin da ya dame shi kawai shi ne wa zai riƙa shanya tabarmin in damina ta zo, don sito yana yoyo ta kusurwa ɗaya.

Walima tana nan ranar Asabar bayan La'asar, in sha Allahu, da waɗanda suka biya da waɗanda ba su da halin biya, kowa ya zo. 'Yan uwana huɗu da suka karɓi kuɗinsu, ku ma ku zo, ba sai kun ci komai ba. Zai kasance a zaune a wurin. Ku tambaye shi duk abin da kuka rubuta, a gabansa, da ladabin da ake yi wa sa'an uba.

Litinin kuma bayan Asuba ina fili. Tabarmi goma sha ɗaya suka rage, biyu sun yage. Na riƙe na baya da na ƙugu da numfashin, amma na wuya kullum ina rikita jerinsa, wanda ya iya ya zo ya nuna mana.